Mashigin Tungar Marke

Keken Almustapha yana jingine a zauren gidansu Surayya tun safe, shi kuwa mai keken yana ɗaure a gidan maigarin Tudun Faru, garin da Tungar Marke take ƙarƙashinsa.

'Yan sa-kai ne suka kawo keken suka ajiye wa mahaifinta, Malam Yari, wai ya riƙe a madadin shanunsa na huɗa da ɓarayin daji suka kora. Keke ɗaya a bakin bijimai biyu. Haka adalci yake idan ya fito daga hannun masu bindiga ƙirar gida, kuma babu wanda ya yi dariya.

Bayan sallar la'asar za a yanke magana. Ko a miƙa shi ga 'yan sanda a Wurno, ko a bar wa 'yan sa-kai su raka shi daji. Kowa a Tungar Marke ya san waɗanda aka raka daji ba sa dawowa su ba da labarin hanya.

Surayya tana zaune bakin murhu, tuwo ya kama yana ƙauri, ba ta ji ba.

"Ke, tukunyag ga mi tay yi maki?" in ji Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinta, ta fizge muciyar daga hannunta. "In kuka za ki yi, yi shi can gehe. Mu dai sai mun ci abinci."

Ba kuka take yi ba. Ta gama wannan tun jiya.

Almustapha ɗan cikin garin Wurno ne. Ya karanta tarihi a Sakkwato, ya dawo da takarda mai kyau da babu wanda ya tambaye shi ita. Sai ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Duk Asabar yakan tara malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan bautar ƙasa, wasu bisa keke wasu a ƙasa, ya bi da su fadamar Rima. Ya nuna masu ragowar ganuwa, da ramukan marinar da aka daina rini a cikinsu, da hubbare, da gonakin shinkafa har madatsar Goronyo. Kafin hanyar Rabah ta lalace har can yakan kai su. Mutanen da aka haifa a wurin suna kallonsa suna mamakin wanda zai bar inuwa ya je kallon tsohon bango.

Surayya tana koyarwa a firamare a Dinawa, inda yaran Tungar Marke suke zuwa karatu. Ƙawarta Elisabatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, ita ta ja ta fitar wata Asabar. Abin da ya biyo baya ba sabo ba ne a duniya. Har manyan Almustapha sun kawo goro, Malam Yari ya karɓa, saura sa rana.

Sai Surayya ta nuna masa mashigin.

A bayan Tungar Marke gulbi ya rabu biyu, ya bar tsibiri a tsakiya mai dogayen ciyayi. Ruwan yana shanye mutum har wuya. Amma daga gindin wani marke akwai jerin faffaɗan duwatsu a ƙarƙashin ruwa, waɗanda mutanen farko suka shimfiɗa, ba a tsaye suke tafiya ba, a karkace. Wanda ya san su ruwa ba ya wuce masa gwiwa. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar, da zarar an ji motsi sai a kora shanun gari ta nan a ɓoye su cikin tsibirin. Ba a faɗa wa baƙo. Ko matar da aka auro daga wani gari ba a nuna mata sai ta haihu.

Ita ta ga mutum ne mai son tsofaffin abubuwa, kuma wannan ne tsohon abu mafi kyau da ta mallaka. Ya cire takalmi, ya taka duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su da tafin ƙafa.

"Surayya, kin san mi kin ka nuna mani? Wanga aiki ya girmi kakan kakanki. Dawaki an ka yi ma shi."

Ba ta ce masa kar ya faɗa ba. A Tungar Marke ba a faɗin wannan, da shi ake haihuwar mutum, kamar yadda ba a ce wa yaro kar ya sa hannu a wuta sau biyu. Ta manta shi ba a nan aka haife shi ba.

Ya ɗauki hoto, da marken da komai, ya ɗora a intanet da dogon bayani. Masu zama a Abuja suka yi ta yabawa. Ba su kaɗai ke da waya ba. Da ɓarayin suka zo ko cikin gari ba su shiga ba, kai tsaye suka nufi gindin marken, suka kwashe shanun Tungar Marke kaf.

Surayya ta tashi daga bakin murhu ta nufi rumfar mahaifinta. Yana zaune yana gyaran igiyar karkiya, ta shanun da babu su. Ta durƙusa.

"Baba, akwai maganad da..."

"Na sani."

Bai ɗago ba.

"Tun ranad da an ka nuna muna hoton nis sani. Baƙo ba ya gane duwatsun ga da ido, ko ya shekara bakin gulbi. Sai an kai shi. Kuma garin ga duka mutum guda ad da dalilin kai shi."

Hawayen da ta ɗauka sun ƙare suka dawo.

"To Baba ka bar ni in tahi in hwaɗi. Tun jiya su ka dukanai, wai ya hwaɗi wanda yan nuna mashi. Ya ce shi ɗai yag gano. Shi ya sa sun ka ce ɗan rahoton ɓarayi na. In sun ka ji ni ta, za su san wauta ce yay yi, ba cin amana ba."

"Ya ƙi hwaɗin sunanki?"

"Ya ƙi."

"To ya yi hankali sau guda a rayuwatai. Kar ki ɓata mashi."

"Baba, kashe shi za su yi!"

"Allah ka kashewa."

"Da hannun Lawwali, shugaban 'yan sa-kai."

Sai yanzu ya ajiye igiyar ya dube ta. Tun rasuwar mahaifiyarta idanunsa suka zama haka, kamar na wanda aka yi wa alkawari aka saɓa, yake jiran na gaba.

"Saurara, ɗiyag ga. Uwakki ta tahi ta bar mani ke ɗai. Damina na bisa hanya, garin ga ba mai abin huɗa. Mutane yunwa su ka hange, kuma mai hangen yunwa neman wanda za ya tsana ya kai. Yanzu sun samu baƙo, sun huta. In kin ka ba su kanki, ba macen da za ta sake amsa maki sallama bakin rijiya. Ba mai kai ɗiyanai ajinki. Za a ce ɗiyar Yari ta bi namiji cikin ciyawa ta saida gari. Ni kau in na mutu, sai ki nemo masu ɗaukata daga wani gari."

"In na yi shiru, da wane baki za ni koya ma yara kar su yi ƙarya?"

"Da wanda sauran malamai ka koya masu."

Ta kifa kai bisa gwiwa tana kuka. Ya bar ta ta yi. Da ya sake magana muryar ta sauka.

"Ban ƙi yaron ba. Na karɓi goronai. Amma in an ka ce in zaɓa tsakanin ɗan wani da tawa, ba ni da abin tunani. Ban hana ki kuka ba. Hita ce nih hana."

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da murya mai ƙoshi. Lawwali ne.

Dillalin albasa ne a kasuwar Goronyo kafin tashin hankali ya ba shi bindiga da yara goma sha masu ce masa shugaba. Ya taɓa neman Surayya, ta ce a'a cikin ladabi, shi kuwa ladabin ne ya fi yi masa ciwo. Ya aiko wai yana son ganin Malama. Gwaggo Kulu ta raka ta zaure ta zauna a dokin ƙofa da tsintar wake.

Yana tsaye ya dafa sirdin keken kamar ya saya.

"Malama, an wuni lahiya? Idonki ya yi ja."

"Hayaƙi na."

"Hayaƙi kau." Ya yi murmushi. "Ni ba jahili na ba awa yadda ki ka ɗauka. Na san mutumin ga ko kuka da marke ba ya bambantawa sai ya duba littahi. Wani yak kai shi. Wata, in ce."

Ta kawar da kai ta dubi keken.

"Ban hwaɗa ma kowa ba. Kuma maigari abin da nic ce shi za ya yi. In na ce a kai shi Wurno, mota za a sa shi, da ranshi. In na yi shiru, yarana sun matsu." Ya buga ƙararrawar keken sau ɗaya, ya saurari ƙarar. "Manyana na nan shirye. Ki ce to, su zaka gobe. Baba ya samu abin huɗa, sunanki ya tsira, mai keke ya tsira. Kowa ya ci riba."

"Sadakin nawa ke nan? Ran mutum?"

"Wasu da tunkiya an ka aure su, Malama. Ke kin yi tsada."

Ya saɓa bindigarsa.

"Kahin la'asar. Ki aiko Gwaggo, kalma guda ta isa."

Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa, Gwaggo Kulu ta hure ƙaiƙayin waken.

"Karɓa."

"Gwaggo!"

"Mi? Na binne maza biyu, ɗaya ina so ɗaya ba ni so. Ban ga bambanci ba sai wurin minshari. So na nan awa zazzaɓi, yana sauka. Ki hidda yaron mutane, ki ruhe ma ubanki asiri, ki ci albasa."

Surayya ta jingina da bango. Abin haushin shi ne maganar tana da kai. Ta juya ta ta kowane gefe, tana neman inda ta ɓalle, har ta samu. Ko an kai Almustapha Wurno, da sunan ɗan rahoto za a kai shi, kuma wannan suna ba ya wankuwa. Ba zai sake bin fadama ba, ba ƙauyen da zai ba shi ruwa. Sannan alkawarin Lawwali bai fi Lawwali nauyi ba. Ita kuwa za ta ƙare kwanakinta tana tuƙa tuwo ga mutumin da ya riƙe asirinta kamar igiyar akuya.

Ta shiga ɗaki ta sa wandon da take sawa ran Asabar a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaura hijabi ta tattare shi a ƙugu. Ta fito ta kama ƙahon keken.

Gwaggo Kulu ta saki faranti, wake ya watse.

"La ilaha illallahu! Ke, bisa wanga abu? Cikin gari? Yaya! Yaya Yari, hito ka gani!"

A Tungar Marke mace ba ta hawan keke idan ta wuce shekarun tallan gyaɗa. Surayya ta koya a makarantar kwana, inda babu mai gani, ta ƙara gogewa a bayan Elisabatu. Ta tura shi waje, ta ɗaga ƙafa ta haye sandar, ta taka.

Masu zaman gindin bishiyar bedi suka yi tsit. Wani tsoho ya miƙe tsaye don ya tabbatar. Ta ji muryar mahaifinta a baya yana kiran sunanta, sunan da bai cika kama shi ba. Ba ta waiwaya ba. Ta san in ta ga fuskarsa za ta sauka.

Babban titi akwai shingen yaran Lawwali. Ta karya ta gangara fadama, ta hau siririyar hanyar da ke bin gaɓar magudanar ruwa, wadda Almustapha yake bi da baƙinsa.

Rana ta karkata amma ba ta huce ba. Dama da hagu shinkafar rani ce kore shar har inda ido ya tsaya, balbelu sun yi fari a cikinta. Injinan ban ruwa suna ta tari. Ta wuce rumfunan da aka jibge albasa, ta wuce mata masu shanyar tafarnuwa, waɗanda suka bi ta da ido baki buɗe. Can ƙasa gulbin yana tafiyarsa a hankali, wani masunci ya kifa ciki bisa gora yana yawo a kansa. A nan Almustapha yakan tsayar da mutane ya ce su yi shiru su kalla. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Kyansa bai taɓa hana a kashe kowa a cikinsa ba.

Inda hanyar ta zama yashi taya ta nutse, ta faɗi, gwiwarta ta goge. Ta tashi ta tura keken da hannu, ƙaya tana kama rigarta, numfashinta na fita da zafi. Ta hau tudun da ke da ragowar wani tsohon bango, ta sake hayewa. Tana gangarawa ta ji ladanin Tudun Faru ya ɗaga murya.

Ta taka da duk abin da ya rage mata.

Ta tarar an sallame, maza sun cika ƙofar gidan maigari har waje. Ta jefar da keken a gabansu. Hayaniya ta mutu. Ta cire takalmi, ta ratsa su, suna ja da baya kamar tana ɗauke da wuta.

Almustapha yana zaune a ƙasa, hannuwa ɗaure ta baya, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da ɗayan ya gan ta. Ya girgiza mata kai a hankali.

Ta durƙusa gaban maigari.

"Ranka shi daɗe, ni ce Surayya ɗiyar Malam Yari na Tungar Marke. Ni nin nuna mashi mashigin. Ni nik kai shi da ƙahwata, kuma ban ce mashi asiri na ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni, har waje.

"Ƙarya ta kai!" Almustapha ya yunƙura, muryarsa a dishe. "Ranka shi daɗe, kar a saurare ta. Tausayina ta ka ji. Ni ɗai nig gano shi."

Ta juyo ta dube shi, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kai da kac ce a daina binne gaskiyar mutanen da, yau ni za ka binne tawa? Ka yi shiru, Almustapha. Ka yi naka, bar ni in yi nawa."

Lawwali ya taso daga gefen maigari. Fuskarsa ta yi baƙi, amma ya iya murya.

"Ranka shi daɗe, kowa ya san goronai na gidansu. Mace in tana son namiji, ko kisan kai sai ta ce ita tay yi. Shi ya ce ƙarya ta, ita ta ce gaskiya ta. Maganam mace guda ba ta tada hukunci."

Maigari tsoho ne da ya gaji da zamanin da ya tsinci kansa a ciki. Ya dubi bindigogin da ke jingine a bango, ya dubi yarinyar.

"Ɗiyata, akwai namijin da za ya tsaya maki?"

Ta duba. Akwai mutanen Tungar Marke a wurin, waɗanda ta koya wa 'ya'yansu karatu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Akwai."

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Malam Yari ne, ɗan kabu-kabun da ya kawo shi bai ma kashe inji ba. Hularsa a karkace, igiyar takalminsa ɗaya ta tsinke. Ya shigo bai dubi 'yarsa ba, ya gaida maigari, ya tsaya.

"Na hana ta hita, ta hita. Na ce ta yi shiru, ta ƙi. Ɗiyag ga ba ta jin magana, amma ba ta ƙarya. Ita tak kai shi. Na sani tun hwarko nib ɓoye. Wanda duk shanunai sun ka tahi, ga ni, ƙohwar gidana ba ta da ƙyaure. Amma wanga yaro ba ɗan rahoto na ba. Wawa na, mai takarda."

Wani daga baya ya yi tsaki ya fice. Wani ya bi shi. Surayya ta san su duka, ta san matansu, ta san gobe bakin rijiya yadda zai kasance.

Maigari ya daɗe yana shafa gemu.

"Ba a raka wawa daji," ya ce. "In an ka hwara, ba mai saura. Ku kwance shi."

Babu wanda ya motsa sai da ya maimaita. Lawwali ya ɗauki bindigarsa, ya tsaya daidai kan Surayya ya harare ta, ya fita, yaransa suka bi shi.

Da igiyar ta saki, Almustapha ya rarrafo ya durƙusa gaban Malam Yari, ya kasa haɗa kalma biyu.

"Baba, ni... wallahi ban..."

"Riƙe rantsuwakka, ba ta huɗa." Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. "Yau ka ci mani shanu, ka ci mani maƙwabta, ka ci sunan ɗiyata. Goronka na nan, ban maida ba, ban kuma sa rana ba. An ce kana son tahiya a ƙasa kana kallon wuri."

"E, Baba."

"To gonata na da tsawo, kuma ba abin ja. Ran da ruwan hwarko yas sauka, ka zaka da galma. In ka kai ƙarshen kunya ta ƙarshe da ranka, sai mu yi magana."

Ya juya ga 'yarsa, karo na farko tun shigowarsa.

"Ke kau tashi. A ƙasa za mu koma, ta tsakiyag gari, kuma ba ki sunkuyar da kai."